Wane irin sef zan saya don ajiye bindigar maigidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi. Maigidana yana da bindiga mai baki ɗaya, da lasisinta, yana tafiya da ita gonarsa ta wajen Ejura. In ya dawo a saman wadirob yake ɗora ta, harsashi kuma a cikin durowa. Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da maƙwabta, yarana huɗu, babban yana da shekara 14, ga 'ya'yan mutane suna shige da fice. Na yi niyyar in sayi sef da kuɗin adashina. A Adum na ga wani kyakkyawa mai lambobi da wurin ɗora yatsa, wani kuma ya ce in je Suame Magazine, unguwar maƙera da masu walda, a ƙera min. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Girka sef da gyaran makullai shi ne sana'ata, don haka zan yi miki bayani yadda zan yi wa yayata.

Kafin maganar saye, akwai abin da bai kamata ya kwana ba. Yau ɗin nan ki roƙi Alhaji ya sauko da bindigar da hannunsa, ya buɗe ta ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya kwashe harsasan nan daga durowa ya kulle su a akwati mai kwaɗo, mabuɗin a jikinsa. Yaro ɗan shekara 14 ya san abin da ke saman wadirob ɗin ubansa, kuma ya san lokacin da kike bakin murhu. Tsayin wadirob ba ya hana kowa komai, kujera ɗaya ta gama magana.

To, na Adum ko na Suame? Inda aka sayo shi ba shi ne abin dubawa ba. Na Adum ɗin yana iya zama nagari, yana kuma iya zama gwangwanin madara da aka shafa wa fenti. Na Suame yana iya fin na kanti ƙarfi nesa ba kusa ba, yana kuma iya zama kabad ɗin ƙarfe da sunan sef. Abin da ke rabewa shi ne kaurin ƙarfen, yadda aka kafa shi a gini, da wanda ke riƙe da mabuɗi. Lambobin da ke haske da ƙarar da yake yi in an taɓa shi, waɗannan don jan idon mai saye aka yi su.

Mu fara da ƙarfe, don a nan aka fi cutar mutane. Mai kanti zai buɗe miki ƙofar, ya nuna miki kaurinta ya kusa tafin hannu, ga sakatu masu sheƙi kamar guda biyar suna fitowa. Wannan kaurin da kike gani gidan makulli ne, cikinsa fanko. Abin tambaya shi ne kaurin fallen ƙarfen kansa, na ƙofa da na jiki. Ƙananan sef masu araha da yawa jikinsu bai wuce milimita 1 zuwa 1.5 ba, kuma irin wannan ana lanƙwasa bakinsa da babbar sukudireba. A Ingila, inda 'yan sanda ke zuwa duba ma'ajiyar bindiga kafin su ba da lasisi, mafi ƙarancin abin da ake nema a kabad ɗin bindiga shi ne ƙarfe mai milimita 2. Ni ba na ba kowa shawarar ƙasa da milimita 3 a jiki, ƙofa kuma 5 zuwa 6. In kayan na Amurka ne, za ki ga an rubuta kaurin da lambar geji, kuma lissafinsu a juye yake: yadda lambar ta ƙanƙanta haka ƙarfen ke ƙara kauri. Geji 14 kusan milimita 1.9 ne, geji 12 kusan 2.7, geji 10 kusan 3.4.

Ba sai kin yarda da bakin kowa ba, nauyi yana faɗin gaskiya. Fallen ƙarfe mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, in kaurinsa milimita 1 ne, nauyinsa kusan kilo 8 ne. Sef na bindiga mai tsayin santimita 150, faɗi 40, zurfi 35, yana cin ƙarfe kusan murabba'in mita biyu da rabi. Ke nan in da milimita 3 aka yi shi, zai kai kilo 60 ko fiye. In da milimita 2 ne, kusan kilo 40. In kuwa yaron kanti ya rungume shi shi kaɗai ya ɗaga, kilo 20 ne ko kusa, kin san amsarki. Wurin da ake gane kaurin da ido shi ne ramukan kusoshi da ke bayan sef ɗin ko ƙasansa, don a nan ne ake ganin bakin ƙarfen tsirara, ba ninki. Ki tafi da wani mai walda da kika amince da shi, ya riƙo ma'aunin kaurin ƙarfe ya sa a wannan ramin. Mai kantin da ya ɓata rai don an auna kayansa ya riga ya ba ki labari.

Sai ki rufe ƙofar ki duba tazarar da ke tsakaninta da jiki. Ɓarawo ba ya zama yana wasa da lambobi kamar yadda ake nunawa a fim, neman inda zai cusa bakin ƙarfe yake yi ya ɓamɓare. Ƙofa ta gari tana nutsewa cikin firam, kuma tsinin sukudireba ba ya samun wurin shiga. Hinji a waje ba aibu ba ne muddin akwai sakata ko ƙarfen da ke riƙe ƙofar ta ciki a wannan gefen, yadda ko an yanke hinjin ƙofar ba za ta fita ba.

Kayan da aka shigo da su daga waje wani lokaci suna zuwa da shaidar gwaji, kuma yana da kyau ki san abin da kowace ke nufi don kada a yi miki kwarjini da lambobi. BS 7558 ma'aunin Ingila ne na 1992, na kabad ɗin bindiga musamman. EN 14450, mai daraja S1 da S2, na Turai ne, na ƙananan ma'ajiyai na gida. EN 1143-1 shi ne na sef na sosai, darajarsa tana farawa daga 0 ta yi sama, kuma tun 2017 Jamus ba ta karɓar ƙasa da daraja 0 ɗin nan ga wanda zai sayi sabuwar ma'ajiyar bindiga. Na Amurka mai tambarin UL, wata cibiyar gwajin kaya, da haruffan RSC ma'anarsa ya jure wa mutum ɗaya da kayan aikin hannu na minti 5. Minti 5, Hajiya, ba kwana ba. Babu sef na gida da ba ya buɗuwa in an ba ɓarawo injin yankan ƙarfe da lokaci. Abin da kike saye da kuɗinki shi ne jinkiri da ƙara, kuma a gidan da ke da tsakar gida ɗaya irin naku, ƙarar yankan ƙarfe ta minti biyu ta isa ta fito da kowa. Shaidar gaske tana kan ɗan farantin da aka kafe a cikin ƙofa, da sunan ma'aunin da lambar kayan. Takardar da aka manna a kwali kowa yana iya buga ta.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Sef da ba a kafa shi ba, ɗaukarsa ake yi. Kilo 60 ba komai ba ne a wurin samari biyu, a nannaɗe shi da zanen gado a fita da shi, a je a buɗe a natse. Ko ma'aunin EN 1143-1 da na ambata, duk sef da bai kai kilo 1,000 ba, sai an yi masa wurin kafewa kafin a ba shi shaida. Dogon sef na bindiga kuma yana da wani haɗarin: siriri ne, ƙofarsa tana da nauyi, in yaro ya buɗe ko ya rataya a jikinta zai iya rinjayowa ya faɗo masa. Kuma in aka kwantar da sef a ƙasa, ɓamɓare ƙofarsa ya fi sauƙi, don mutum yana danna ƙarfen da dukan nauyin jikinsa.

Kafewar tana bin irin ginin. Yawancin gidajenmu na bulon yashi da siminti ne, wani bulon mai rami a ciki, wani kuma simintinsa bai kai ba, kana huda shi yana zubowa gari. Ƙusa mai buɗewa a cikin irin wannan bulo ba ta kama komai, fizga ɗaya ta fito. Tsofaffin gidajen zango kuma wasu na ƙasa ne aka yi musu shafen siminti. Saboda haka mai girkawa ya nemi ginshiƙin kankare, wanda galibi yake a kusurwar ɗaki, ko kuma ya dogara da daɓe. Abin da na fi so shi ne a zuba ɗan dandamalin kankare mai tsayin santimita 10 zuwa 15, a kama shi da daɓen da rodi, a ɗora sef ɗin a kai, a ɗaure da kusoshi huɗu masu kaurin milimita 10 ko 12, sannan a ƙara biyu ta baya a bango. Kawunan kusoshin duka a cikin sef suke, sai an buɗe ake kai musu. A sa shi a kusurwa, gefen da ƙofar ke buɗewa ya kasance daf da bango, yadda mai dogon ƙarfe ba zai samu filin lanƙwasawa ba. Da yake haya kuke, Alhaji ya nemi izinin mai gida kafin a huda, tare da alkawarin gyara ranar tashi. Ba dole ba ne ya faɗi abin da za a ajiye a ciki.

Dandamalin nan yana da amfani na biyu. Ke 'yar Aboabo ce, ba sai na ba ki labarin abin da rafi ke yi ba in an kwana ana ruwa. Ko ruwa bai taɓa shiga ɗakinku ba, daɓen siminti yana tsotso laima daga ƙasa, kuma gindin sef ne ke fara ruɓewa.

Maganar makulli. Na yatsa ɗin da ya burge ki, ni ba zan sa shi a gidana ba in mai araha ne. Da hunturu fatar yatsa tana bushewa ta tsattsage, ya ƙi gane mai shi. Hannu mai danshi bayan alwala ko mai gumi, haka. Manomi kuma, wanda yatsunsa suka sha fartanya da adda, zanen yatsan nasa ma yakan shafe. Mai lambobi yana aiki da batir, ba ruwansa da ɗauke wuta, wannan gaskiya ne, amma batir yana zubar da ruwa a cikin zafi da laima ya cinye wayoyin. Babbar matsalar ita ce kusan duk masu arahar suna da ɗan makullin ko-ta-kwana a ɓoye a bayan wani murfin roba, kuma wannan makullin sau da yawa bai fi na durowar tebur ba. Ke nan an yi ƙofa mai lambobi shida, an bar mata taga. Wasu ma harshen da ke riƙe sakatar ƙaramin ƙarfe ne a kan sifirin, wanda girgiza mai ƙarfi ke iya motsa shi. Akwai makullan lambobi nagari, masu shaidar EN 1300, amma kuɗin makullin kaɗai yakan kai na ƙaramin sef gaba ɗaya. Kuma yaro mai shekara 14 yana haddace lamba daga kallon motsin hannu sau biyu.

Da kuɗin adashi, ki nemi makullin sef na asali mai dogon mabuɗi mai haƙora gefe biyu. Ba ya son batir, yana shekaru yana aiki, kuma masu yankan mabuɗi na bakin titi ba kasafai suke da irin ƙarfensa ba, wanda hakan alheri ne. In biyu aka sa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya fi. Kwaɗo a waje kuwa, komai girmansa, a bar shi wa shagon kasuwa.

Mabuɗi yana da nasa sharaɗin, kuma a nan zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi miki daɗi ba. Ke za ki biya, amma ba ke za ki riƙe ba. Lasisin bindiga a Ghana na mutum ɗaya ne, da sunansa da lambar bindigarsa, a ƙarƙashin dokar makamai da harsasai ta 1972, kuma riƙe bindiga ba da izini ba babban laifi ne a dokar laifuka ta 1960. Mabuɗin ya zauna a jikin Alhaji, in zai yi tafiya ba da bindigar ba ya tafi da shi. Wannan kariya ce gare ki: ranar da ƙaninsa ko wani abokinsa ya zo yana cewa a ba shi aro zai je gona, ko za a yi harbin murna a wani biki, amsarki a shirye take, ba ki da mabuɗi. Kada a rataye shi a ƙusa bayan ƙofa, kada a sa a aljihun rigar da ke rataye, ko ƙarƙashin katifa, ko saman sef ɗin kansa. Duk wuraren nan yara sun riga manya saninsu. Mabuɗin ajiya, wato na ko-ta-kwana, a sa shi a ambulan a manne, Alhaji ya sa hannu a kan mannin, a kulle a wani wuri dabam wanda ba wannan ɗakin ba. Yawancin abin da ke ɓata a gida ba baƙo ne ke shigowa ya gano shi ba, da ɗan gari akan ci gari.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa nake hana a haɗa gwal, kuɗi, fasfo da takardun fili a sef ɗin bindiga. Da zarar sarƙarki tana ciki, dole ki nemi mabuɗi ranar suna, dole a buɗe a gaban yara, wata rana a manta a bar shi a buɗe ana saurin fita. Kayanki ki yi musu ƙaramin nasu. Harsashi kuwa ya samu ɗan ɗakinsa a saman sef ɗin, mai makulli dabam, ko akwatin ƙarfe a wani wurin. Bindiga ba ta shiga sef da harsashi a cikinta.

Na san abin da Alhaji zai ce: in 'yan fashi suka zo da dare fa? Tambaya ce mai ma'ana, kada ki yi masa gardama a kanta. Sef ɗin a ɗakin kwanansa za a sa shi, mabuɗi yana jikinsa, buɗewa ba ta kai minti ɗaya ba ga wanda ya saba. 'Yan fashi wataƙila su zo, wataƙila har abada ba za su zo ba. Yara kuwa kullum suna cikin gidan. Ga kuma ranar ɓacin rai, wadda babu gidan da ba ta zuwa: rigimar maƙwabta a kan famfo, saurayin da zuciya ta ɗebe shi, mutumin da damuwa ta yi wa yawa. Minti ɗayan nan da ake ɗauka ana neman mabuɗi biyu yana da amfani a irin wannan rana. Bindigar da ke saman wadirob kuma, in ɓarawo ya shigo ba kowa, kyauta aka ba shi, sannan lambar da ke jikinta sunan Alhaji take ɗauke da shi duk inda aka yi ɓarna da ita.

Tsatsa ita ce ɓarawon da ya fi tabbas a Kumasi. Damina biyu muke yi, babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma akwatin ƙarfe a rufe yana tara laima. Kada a jingina sef da bangon da ke haɗe da banɗaki, ko bangon waje da ruwa ke duka. Kada a ajiye bindigar cikin jakarta ta fata ko ta soso, ko a naɗe da tsumma, duk suna riƙe danshi. In an dawo daga gona a bar ta ta sha iska ta bushe a gaban mai ita, a goge ƙarfen da ƙyalle mai ɗan man bindiga ko man keken ɗinki, har inda yatsu suka taɓa, don gishirin gumi ne ke fara cin ƙarfe. Ban da man ja, man gyaɗa ko man kaɗe, suna daskarewa su yi danƙo. A ciki a ajiye silika, irin ƙwayoyin nan da ake samu a ɗan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi, amma mai yawa, kamar rabin kilo. Akwai mai canza launi in ya ƙoshi da ruwa, daga ruwan lemo zuwa kore, ko daga shuɗi zuwa ruwan hoda. Sai a gasa shi a oven da wuta kaɗan, kusan digiri 120, ya dawo sabo. Ɗan agogon auna laima ba shi da tsada, in yana nuna kashi 50 ko ƙasa, lafiya lau. Akwai kuma sandar lantarki mai ɗumama cikin sef, amma in ta Amurka ce a duba, tasu wutar volt 120 ce, tamu 230.

Maganar jure gobara ba zan tsaya a kanta ba. Sef mai shaidar gaske, irin UL 72 na awa ɗaya, ana gasa shi har digiri 927 cikinsa bai wuce 177 ba, kuma irin wannan yana da nauyi da tsada. Masu arahar allon jifsam ake liƙa musu a ciki, ya ƙara musu nauyi har mutum ya zaci ƙarfe ne, don haka lissafin nauyin da na ba ki ba ya aiki a kansu. Takardu ne ke buƙatar wannan kariyar. Kuɗin da za ki ƙara don ita, ki sa shi a kaurin ƙarfe.

Girma kuwa, a auna bindigar tukuna. Irin ta Alhaji takan kai santimita 115 zuwa 125, don haka tsayin ciki, ban da ɗakin harsashi, kada ya gaza 130.

In kin zaɓi Suame, kuma ni a matsayinki can zan nufa, kada ki ce "a yi min sef" ki tafi. Ki ba da aikin a rubuce: jiki milimita 3, ƙofa 6, walda ta bi kowace gaɓa daga farko zuwa ƙarshe ba ɗigo-ɗigo ba, ƙofa ta nutse cikin firam, ƙarfen riƙo a gefen hinji, ƙarin faranti mai tauri a gaban makulli saboda masu huda, ramukan kusoshi huɗu a ƙasa biyu a baya, jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje kafin fenti na ado, da katako mai shimfiɗar roba inda gindin bindiga zai zauna. Makullan ku sayo su da kanku a cikin kwalinsu a rufe, Alhaji ya tsaya a ɗaura su a gabansa ya karɓi mabuɗan a take, kada su kwana a garejin. In kuma tsohon sef ne na Turai, irin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, sau da yawa ƙarfensu yana da kyau ƙwarai, amma a canza makullin, don ba ki san hannu nawa mabuɗinsa ya bi ba.

Ranar kawowa, kada a ɗoro shi tsirara a aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da tsakar rana unguwa tana kallo. A naɗe shi da kwali ko buhu, a shigo da shi lokacin da yara ke makaranta, mai girkawa mutum ɗaya da yaronsa sun isa, kuma bindigar kada ta kasance a ɗakin suna aiki. In sun gama, Alhaji ya kama saman sef ɗin ya jijjiga da ƙarfinsa. In ya motsa ko kaɗan, aikin bai ƙare ba. Ya rubuta lambar bindigar, ya ɗauki hoton lasisin a waya, ya ajiye kwafi a wajen sef ɗin, don in wani abu ya faru abin da 'yan sanda za su fara tambaya ke nan. Lasisin kuma duk shekara ake sabunta shi a wurin 'yan sanda, ki riƙa tuna masa in Disamba ta kama.